Akuya Ba Ta Kwana Da Ruwa

Yekaterinburg, 31 ga Agusta, 2003

Yaya Nazarsho,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Ka gaishe min da matata Gulbegim. Ni lafiyata ƙalau, sai dai hannuwana da siminti ya cinye.

Yaya, ba zan samu zuwa ba. Mai ginin ya ce babu wanda zai motsa sai an rufe hawa na tara, kuma wannan sai ƙarshen Disamba. Haihuwar Gulbegim kuwa farkon Disamba ce. Ka san abin da ya faru shekara biyu da suka wuce, kai ka haƙa ɗan kabarin nan a cikin ƙanƙara. Hanya ta rufe, muna kallo, ba yadda muka iya. Wallahi ba zan sake yarda ta haihu a Dashtak ba.

Don haka ga roƙona. Ka tayar min da Akuya. Na san tun da na tafi tana bayan gida kaji na ƙwai a kujerarta, amma tun da motar Shodi ta faɗa kogi, duk ƙauyukan sama babu wata mota sai ita, kuma babu inda jif ɗin nan ba ta hawa. Ka kai Gulbegim Horog gidan Gwaggo Zulfiya kafin Oktoba ta fita, ta zauna kusa da asibiti har ta sauka.

Abin da ke damun motar uku ne. Sufirin na baya na hagu ya karye, birki ya yi laushi, lagireto kuma yana ɗan ɗiga daga sama. Na aiko da sufirin da fulogi huɗu ta hannun Kurbonsho, wanda ya kawo maka wannan takarda. Sifana da jak suna ƙarƙashin kujerar direba.

Na san kai malamin lissafi ne, alli ka sani, kuma ba ka da lokaci sai yammacin Asabar da Lahadi. Amma ka taɓa tuƙa ta har gadar ƙasa ba ka kashe kowa ba. Ka yi haƙuri da ni, ba ni da wani sai kai.

Ƙaninka,
Alidod

Dashtak, 21 ga Satumba

Alidod,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da kayan. Inna tana nan, ƙafa dai sai a hankali, kunnen kuma ya ƙara nauyi, sai an yi mata ihu. Gulbegim lafiya, tana ta shanya 'ya'yan itacen tut a kan rufi har na hana ta hawa tsani.

Ga abin da aka yi, tunda rahoto kake so.

Asabar ta farko korar kaji kawai na yi da wanke abin da suka bari. Ranar Lahadi na ɗaga motar, na jera duwatsu a ƙarƙashinta, na cire taya. Noti biyu na sufirin sun yi tsatsa sun ƙi motsi, na jiƙa su da kananzir, na zage su, na zage ka, daga baya suka kwance. Jiya na sa sabon. Babban yatsana na dama ya yi baƙi, yara a aji suna tambaya ko tawada ce.

Sai dai wani abu ya taso. Ranar Laraba muna shan shayi ƙasa ta zubo daga sama cikin kwanon Inna. Da na hau na duba, babbar azarar da ke kusa da tagar sama ta tsage, ruwan bara ya cinye cikinta, yatsa yana shiga. Ginshiƙai biyar da ke riƙe da rufin lafiyarsu ƙalau, azarar ce. Ban samu abin tokare ta ba sai jak ɗinka. Na ɗora shi a kan kututture, na sa guntun itace a kai, na ɗaga har ta daina kuka. To yanzu jak yana tsakiyar ɗaki yana riƙe da gidan ubanmu, Akuya kuma tana kan duwatsu da ƙafa uku. Inna ta ce babu mai taɓa shi sai an sa sabuwar azara Halifa, limaminmu, ya zo ya yi addu'a, har ta yafa masa zane don kada baƙi su gani.

Saboda haka mako biyu masu zuwa na rufi ne. Motar za ta jira.

Yayanka,
Nazarsho

Ga Gulbegim za ta sa layi biyu: Ina gaisuwa. Lafiyata lau, yana motsi sosai. Ka riƙa sa safar hannu.

Yekaterinburg, 6 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Lafiyata lau.

"Motar za ta jira." Sau goma na karanta wannan layin. Ta jira wa, Yaya? Ƙanƙara za ta jira? Cikin zai jira? Na roƙe ka abu ɗaya tak a duniya, ka ɗauke jak ɗina ka je kana gyaran ɗaki, har da zane! Gidan nan shekara sittin yana tsaye, bai zaɓi faɗuwa ba sai bana? Tun muna yara haka kake, komai sai ka bi shi layi-layi kamar rajistar makaranta, ko da wuta ce ta kama.

Ni ina nan ina ɗaukar bulo hawa tara a wuya, ba na iya cin abinci. Jiya na zuba ruwa a siminti har ya wuce misali, shugaban aiki ya yi min tas a gaban mutane. Idan ba za ka iya ba ka faɗa min gaskiya, in ajiye aikin in taho, ko da ba za su sake ɗaukata ba.

Ka mayar da jak, ka sa taya, ka gyara birki. Gida idan ya ga dama ya rushe, in na dawo na gina wani.

Alidod

Dashtak, 19 ga Oktoba

Alidod,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. Takardarka ta zo jiya, na karanta, ban karanta wa Inna ba.

Ashe ban rubuta maka inda azarar take ba, wannan laifina ne. Saitin shimfiɗar matarka take, gefen murhu, inda ya fi ɗumi. Da ta faɗo, da babu wadda za a kai Horog. Yanzu sai ka ce gida ya rushe.

Ban yi fushi ba. To, na yi, amma ya wuce.

An sare doguwar bishiyar da Baba ya dasa ranar sunanka. Inna ta yi kuka, sannan ta ce ai don irin wannan rana aka dasa ta. Maza tara suka zo ranar Lahadi muka ɗaga, Halifa ya yi addu'a, aka shafa gari a sabuwar azara, aka ci abinci. Makon da ya biyo na zuba sabuwar ƙasa a rufi na daɓe, na liƙe gefen tagar sama. Jak ya fito daga ƙarƙashin zane ya koma aikinsa.

Yanzu ga labarin da kake so. Taya ta hau. Birki na zuba masa mai, Gulbegim tana taka min ina sassauta noti, kuma abin mamaki ta fi ni sanin lokacin da za a saki. Na canja fulogi. Inda lagireto yake ɗiga na liƙe shi da dalma. Batir ya mutu murus, sai da hannun ƙarfe na murɗa ta. Sau goma sha ɗaya, Alidod, na ƙirga. A na sha biyu Akuya ta yi tari, ta yi aman baƙin hayaƙi, ta tashi! Inna da ba ta jin kiran sallah ta ji wannan. Na zagaya filin makaranta sau biyu, awakin maƙwabta suka watse.

Fetur ba zai iso ba sai ƙarshen wata, don haka mun sa tafiya Lahadi biyu ga Nuwamba. Na cika lagireto da ruwa fal har baki, na ɗaure murfi, na rufe ta da tsohuwar darduma. Ba zan sake taɓa ta ba, tana nan a shirye. Sanyi ya fara, yau da safe sai da na fasa ƙanƙara a bakin rafi kafin in ɗebi ruwa. Ka kwantar da hankalinka ka ci abinci.

Yayanka,
Nazarsho

Dashtak, 2 ga Nuwamba

Alidod,

Salamu alaikum. Inna lafiya, Gulbegim lafiya, sai kumburin ƙafa. Ban so rubuta wannan ba, amma ka ce in riƙa faɗa maka gaskiya.

Ba mu tafi ba.

Asabar ɗin da ta wuce na ce bari in leƙa kawai. Na buɗe murfi, babu ɗigon ruwa a ciki, a ƙasa kuma ga ƙanƙara shimfiɗe. Na ce liƙina ne bai kama ba. Na cire lagireton gaba ɗaya, na toshe bakinsa, na tsoma shi a rafi ina hurawa kamar mai neman hujin tayar keke. Ban ga kumfa ko ɗaya ba. Duk da haka na sake bin shi da dalma, na mayar, na cika. Washegari wayam. Jiya ma haka. Na canja robar ƙasa, na ɗaure ta da waya, na cika, na tsaya a kanta awa biyu ina kallo, ko ɗigo. Yau da safe babu komai.

Ba zan ɗauki mace mai ciki wata takwas in shiga hanyar nan da motar da ban san inda take zubar da ruwa ba. Idan injin ya ƙone a Ƙofar Dutse, inda babu gida babu mutum, me zan ce maka? Shekara ashirin ina koya wa yara lissafin tulu mai huji, ga shi na kasa gano huji ɗaya. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, don kan duwatsun gabas ya yi fari.

Zan sake gwadawa Asabar. Idan ka san wani wuri da take yoyo wanda ban sani ba, rubuto.

Nazarsho

Gulbegim ta ce: Ina gaisuwa. Kada ka damu da Akuya, kowace magariba ina leƙa ta.

Yekaterinburg, 3 ga Nuwamba

Yaya! Ruwan!

Yanzu takardarka ta sha tara ga wata ta zo, a tsaye nake rubutu. Ka zubar da ruwan! Akuya ba ta kwana da ruwa daga Oktoba. Babu direban da yake barin ruwa a mota a ƙasarmu in sanyi ya shiga, ruwan rafi ne zalla, zai daskare ya kumbura ya fasa injin kamar ƙwai. In ya fashe ba a ɗinke shi, sai wani injin, kuma wani injin sai babban birni, Dushanbe. Akwai 'yan famfo biyu, ɗaya a gindin lagireto, ɗaya a jikin injin ta dama, can ciki, sai ka kwanta za ka gan shi. Kullum da yamma a buɗe duka biyun. Da safe a rufe, a zuba ruwan zafi, sannan a murɗa.

Wayyo, ni ne jakin. Na lissafa maka sufirin da fulogi, na manta da abin da ya fi komai, don a wurina kamar rufe ƙofa ne, ba a rubuta wa mutum ya rufe ƙofa. Kuma kwana goma sha biyar ke nan da ka cika ta. Na san wannan takarda ba za ta amfana komai ba, abin da zai faru ya riga ya faru. Amma ba zan iya zama ban rubuta ba.

Maganar da na faɗa maka a kan gida, ka yafe min. Ban san a kanta azarar take ba. Bakina ya fi hankalina sauri, ka sani.

Idan injin ya fashe, ku ɗora ta a jaki ku gangara da ita a hankali har inda mota take zuwa, ko kwana uku ne. Kada ku jira.

Alidod

Yekaterinburg, 15 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ta biyu ga wata ta iso. Na yi hamdala da yoyon nan, shi ya ceci injin, ko da yake ban gane daga ina yake ba, ni ma na juya abin a kaina har na gaji. Amma kuna Dashtak har biyu ga Nuwamba!

Wani ɗan ƙasarmu da ya sauka jiya ya ce ƙanƙara ta zuba a kwarinmu tun ranar goma, ba shiga ba fita. Na tambaye shi ko ya ga jif mai ruwan toka a Horog, ya ce bai lura ba. Na je gidan waya, layin Horog ya ƙi shiga. Ban san inda matata take ba, Yaya. Ban san ko ga wa nake rubuta wannan ba.

Kuma ka ce wa Gulbegim ta daina fita leƙen mota da magariba cikin wannan sanyi. Me za ta gani a can? Ta zauna gefen murhu.

Don Allah ko layi ɗaya.

Alidod

Horog, 20 ga Nuwamba

Maigida,

Salamu alaikum. Gulbegim ce, da hannuna, kuma yau babu mai karantawa kafin a liƙe. Ina gidan Gwaggo Zulfiya. Ina lafiya. Zauna tukuna kafin ka ci gaba, na san a tsaye kake.

Takardarka mai ihun ruwa a nan muka same ta, mai kawowa ya ajiye ta wurin Gwaggo don hanya ta rufe. Yaya ya karanta, ya ninke, ya miƙo min, kunnuwansa sun yi ja.

Babu wani yoyo. Ni ce.

Ranar da ya cika ta ya rufe da darduma, ina tsaye da bokiti, gabana ya faɗi. Shekara shida ina riƙe maka fitila kana buɗe famfunan nan, ko a mafarki na san inda suke. Amma yaya zan buɗe baki in ce wa Yaya Malam ya yi kuskure? Mutumin da ya koya min karatu a aji uku, wanda tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa magana ban sunkuyar da kai ba? Na je wurin Inna, na yi mata ihu a kunne a hankali yadda ba zai ji ba. Ta ce, "Ke za ki koya wa wanda ya koyar da duk ƙauye? Ya je Dushanbe ya yi karatu, ya san ruwa." Da magariba da ya tafi wajen addu'a na shimfiɗa buhu, na kwanta ta gefe da cikina, na miƙa hannu na buɗe. Da ya tsiyaye na rufe yadda na same su.

Na ɗauka sau ɗaya ne, ranar tafiya zai ga babu ruwa ya zuba, shi ke nan. Ina! Sai ya fara neman huji. Ya cika, in zubar, ya cika, in zubar. Ina kallonsa ta taga a bakin rafi hannunsa ya yi shuɗi yana hura lagireto, ina kuka ina murza kullu. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, kullum abin yana ƙara nauyi, don yanzu ba kuskure ɗaya zan nuna masa ba, wahalar mako biyu ce da na sa shi. Na sa maka a takarda ko za ka gane, ban san ko ka gane ba.

Ranar Litinin goma ga wata na fito da safe, sama ta sauko ta yi toka, ƙanƙara ta fara sauka ɗaya-ɗaya. Yaya yana tsaye da jakar makaranta yana kallon motar kamar mai ta'aziyya. Sai yaron ya yi min wani irin naushi a ciki. Na tuna wancan da muka rasa, da yadda aka fita da shi a cikin tawul. Wallahi ban san lokacin da na ɗora tukwane uku a wuta ba. Na fito da buta tana tururi na ce, "Malam, buɗe murfin."

Ya ce, "'Yata, zubewa zai yi."

Na ce, "Ba zai zube ba. Ni nake zubarwa."

Ya dube ni. Na faɗa masa komai, ina jiran ƙasa ta tsage. Ƙanƙara ta taru a hularsa. Sai ya ce, "Nuna min." Na nuna. Ya kwanta a ƙasa da rigar makaranta ya ga na biyun, daga can ƙarƙashi na ji ya ce, "Da ya daskare fa?" Na ce da ya fashe. Ya fito ya ajiye jaka ya ce, "Ɗauko kayanki." Murɗa uku ta tashi.

Hanya ba zan ba ka labarinta duka ba. A Ƙofar Dutse ba a ganin gefen kogi, ya sa giyar ƙafa huɗu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai yana salati, ni kuma ina ce masa ya matsa jikin dutse yadda kake yi. Awa tara muka yi. An ce bayanmu da kaɗan dutse ya zubo da ƙanƙara ya toshe wurin, har yau ba a buɗe ba. Inna tana can da matar Kurbonsho, ƙarƙashin sabuwar azara, da itace da gari isassu.

Kwana huɗu da isowarmu naƙuda ta zo, kafin lokaci. A gicciye abin da ke cikina yake kwance, kamar wancan. Aka yi min aiki. Likitar ta ce in gode wa wanda ya kawo ni, na ce zan gode. Yaya ya je gidan waya sau uku, layi ya ƙi.

Mace ce, Alidod. Ƙarama ce, amma tana tsotso kamar za ta cinye ni, kuma da ihu take farawa kafin ta san abin da ke damunta, don haka ba sai an tambayi 'yar wa ce ba. Ba mu sa suna ba, muna jiran naka.

Yaya ya ce in gaya maka laifinsa ne. Ni na ce nawa ne, da na yi magana da mun zo da rana tsaka mako guda kafin nan. Jiya ya shigo ganin jaririya ya ce, "Wannan in ta shiga ajina, a gaba za ta zauna, kuma in na yi kuskure ta ɗaga hannu ta faɗa." Gwaggo ta yi dariya, shi bai yi ba.

Magariba ta yi. Akuya tana tsakar gidan Gwaggo, ɗazu ya dawo da ita daga kasuwa. Ina hango shi ta taga, ya shimfiɗa buhu ya kwanta. Ya buɗe na farko. Bari in ƙwanƙwasa masa gilashi, zai manta na biyun.

Ka sa safar hannu. Ka taho ka ga 'yarka.

Gulbegim